Tarihin Keke a Karkarar Kano: Daga Nassarawa Zuwa Bakin Gona

Keke ya shigo ƙasar Kano a farkon ƙarni na 20, a hannun Turawan mulki da 'yan mishan da ma'aikatan kamfanonin ciniki. A lokacin bai daɗe da samun siffar da aka san shi da ita yau ba. A 1885 ne John Kemp Starley ya ƙera keke mai ƙafa biyu kusan daidai wa daida, wanda sarƙa ke juya ƙafarsa ta baya, a garin Coventry na Ingila. A 1888 John Boyd Dunlop ya fito da tayar da ake hura wa iska, kuma a daidai wannan tsakanin aka kafa kamfanin Raleigh a Nottingham. Kafin zuwan jirgin ƙasa, duk kayan Turai da za su iso Kano daga kudu sai an ɗauko su a kan 'yan alaro ko a bayan dabbobi, saboda haka kekuna ba su yi yawa ba. Da layin dogo ya iso a 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912, sai aka fara sauke su a cikin akwatunan katako, ana harhaɗa su a kantunan da ke kusa da tasha.

Nassarawa, inda aka fi ganin keke a waɗannan shekarun, asalinta gona ce. Gandun sarki ne a bayan ganuwa ta kudu maso gabas, da gidan da sarakunan Kano ke fita su huta su duba noma. Bayan da sojojin Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, a wannan yanki da Bompai Turawa suka kafa mazauninsu da ofisoshinsu. A nan Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, gidansa kuma yana nan har yau. Dokar tsara garuruwa ta 1917 ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440, ba gini a cikinsa, tsakanin unguwar Turawa da inda 'yan ƙasa ke zaune, da hujjar kariya daga sauro da zazzaɓi. Sakamakon wannan tsari shi ne Kano ta zama garuruwa da dama a warwatse: birni a cikin ganuwa, Fagge a bakinta, Sabon Gari da aka kafa wajen 1913, kantuna da tasha, sannan Bompai da Nassarawa can gefe, da filayen sukuwa da na ƙwallon doki a tsakani. Akawu da masinja da tafinta da kuku da mai kula da lambu duk a Nassarawa suke aiki, amma yawancinsu ba a can suke kwana ba. Tazarar ta yi wa ƙafa yawa a kullum safe da yamma, doki kuwa sai mai hali, don yana cin dawa da harawa ko an hau shi ko ba a hau ba. Keke ne ya cike wannan giɓi. Su kansu Turawan sun fi son doki wajen rangadi da kilisa, daga baya suka koma mota, don haka tun da wuri keke ya zama abin hawan ƙaramin ma'aikaci ɗan ƙasa.

Karkarar da keke ya tarar a kewayen Kano tana cikin wuraren da suka fi cikar jama'a da yawan noma a Afirka ta Yamma. Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, ya yaba albarkar ƙasar da yawan ƙauyukanta. Michael Mortimore, da ya yi nazarin yankin a shekarun 1960, ya nuna cewa a kusa da birni kusan babu saura, wato gona ba ta hutawa, kowace damina sai an noma ta. Abin da ya riƙe ƙasar shi ne taki. Da rani jakuna kan shigo birni da itace da kara da hatsi, su fita da mangaloli cike da shara da toka da kashin dabbobi, a zuba su tsibi-tsibi a gonaki kafin saukar ruwa. Manoma ba sa sare itatuwa masu amfani, shi ya sa gonakin suke cike da ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya da ɗinya da rimi, ga gawo da ke kakkaɓe ganyensa da damina ya bar wa shuka rana. Gidaje kuma ba a dunƙule suke wuri ɗaya ba. Kowane gida na tsakiyar gonakinsa, hanyoyin ƙafa da burtalai masu shinge sun haɗa wannan da wancan.

Irin wannan ƙasa ta dace da keke fiye da mota. Shimfiɗaɗɗiya ce, in ban da 'yan duwatsu irin su Dala da Goron Dutse da na Fanisau, babu hawan da zai sauke mahayi. Hanyar da jaki ɗaya zai bi da kayansa, keke ma zai bi. Ayarin jakuna kan yi abin da bai wuce kilomita 25 zuwa 30 ba a yini, mai keke kuwa, ko bai yi sauri ba, yakan ci wannan tazara cikin awa biyu ko uku. Wudil, mai nisan kimanin kilomita 40 daga Kano, a da tafiyar kwana ce, amma mai keke zai yi sammako ya ci kasuwar Juma'a ya dawo ya yi sallar isha'i a gida. Abokan gabansa biyu ne, rairayi da ƙaya. A jigawa taya kan nutse, dole a sauka a tura. Tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa kuwa su ne suka sa faci ya zama sana'a. Da damina akwai na uku, wato rafukan da kan cika bayan ruwan sama, inda mahayi kan naɗe wando ya saɓa keken a kafaɗa ya haye.

Gyaɗa ce ta kai keke ƙauye. Tun daga kakar 1912 kamfanonin Turai suka shiga sayenta a Kano, attajirai irin su Alhassan Dantata suna tara musu ta hannun yaransu da ke zaga kasuwannin karkara. Kamfanonin da ke sayen gyaɗar, irin su UAC da aka kafa a 1929, da John Holt da G.B. Ollivant da CFAO, su ne dai ke sayar da atamfa da gishiri da kananzir da kekuna, don haka kuɗin da ya fita ta ƙofar sikeli yakan dawo ta ƙofar kanti. Cinikin keke ya bi kalandar noma. Da kaka, in an ɗauki kuɗin gyaɗa, a sayi sabo. Da bazara, in rumbu ya yi ƙasa ko aure ya taso, a jinginar da shi ko a sayar. Ta haka keke ya shiga sahun tunkiya da saniya a matsayin ajiyar da za a iya mayarwa kuɗi a kowace ranar kasuwa. Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo tsaiko, musamman bayan da Japan ta kama Malaya a 1942 roba ta yi wuya, taya ta zama abin nema. Bayan yaƙin ne, a shekarun 1950 da dalar gyaɗa ta yi tashe, keke ya bazu sosai.

Samfurin da ya mamaye kasuwa shi ne baƙin keken Ingila mai ƙafa inci 28, mai birkin ƙarfe, da sirdin fata, da kariya a baya. Akwai Hercules da Phillips da Rudge da Humber, amma Raleigh ya fi su suna, har tallarsa mai hoton mutum yana tsere wa zaki a kan keke ta zagaye Afirka. Nauyinsa da rashin giya ba su dami kowa ba, domin abin da ake nema shi ne ƙarko, da kuma kayan gyaran da za a samu a kowace kasuwa. Samari kan naɗe jikinsa da leda mai launi don kada fenti ya goge, su ƙara madubai da ƙararrawa biyu da fitila mai aiki da juyawar taya. Saurayin da ya je zance ƙauyen maƙwabta a kan sabon Raleigh ya riga ya faɗi rabin abin da ya kawo shi.

Hukumar En'e ma ta ga hanyar kuɗin shiga. Mai keke kan yanki lasin duk shekara, a ba shi 'yar lamba ya ɗaura, kuma 'yan doka kan kama wanda ba shi da ita, ko wanda ya hau da dare ba fitila. Ita kanta hukumar da keke take gudanar da yawancin aikinta na ƙasa-ƙasa. Malamin gona, malamin haraji, malamin daji, duba-gari, mai allurar shanu da malamin yaƙi da jahilci duk a kansa suke zaga gundumomi. 'Yan siyasa ba a bar su a baya ba. Jam'iyyar NEPU, da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ba ta da motocin da za su kai ta ko'ina, magoya bayanta kuwa teloli ne da 'yan koli da ƙananan 'yan kasuwa, mutanen da keke ne abin hawansu. A kansa aka kai katin jam'iyya da labarin taro ƙauyukan da hakimi bai so a shiga ba, kuma mai keke ya fi mai mota sauƙin shiga gari ya fita ba a farga ba.

Wajen dako, keke bai kori jaki ba, raba aiki suka yi. Taki da yashi da itace masu nauyi suka zauna wa jaki. Abin da ke son sauri kuwa, kamar tumatir da alayyafo da latas daga lambunan bakin Jakara, da ƙwai da kaji da zabi, ya koma kariyar keke, domin a iso kasuwa kafin rana ta yi zafi. 'Yan koli suka riƙa bin kasuwannin mako da akwati ɗaure a baya, yau Ladin Makole, jibi wata, ranar Laraba kuma Larabar Abasawa. Masaƙan Minjibir da Gezawa da marinan Kura su ma da shi suka riƙa kai kaya birni. Ana ɗora masa buhun hatsi, ko damin rake, ko jarkokin ruwa, wani lokaci har mahayin ya rasa wurin zama ya koma turawa.

Sana'o'i biyu suka tsiro a gefensa. Ta farko gyara ce. A gindin kusan kowace babbar bishiyar bakin hanya akwai mai faci da famfonsa da kwanon ruwan da yake tsoma tayar ciki don gano inda iska ke fita, da sholisho da guntayen tsohuwar roba. Gwanaye a cikinsu kan miƙe ƙafar da ta karkace, su sake boris, su ɗaure sarƙar da ta tsinke, kuma da yawa daga cikin masu gyaran babur na farko a nan suka koyi riƙe sifana. Ta biyu haya ce. Mai haya kan jera tsofaffin kekuna a bakin kasuwa ko a dandali, yaro ya biya kwabo ko sisi a ba shi na ɗan lokaci. Yawancin mazan Kano da suka tashi tsakanin shekarun 1950 da 1980 a keken haya suka koyi tuƙi, suna zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya saboda sirdi ya fi ƙarfinsu. Mata ba su shiga wannan harka sosai ba. Al'adar kulle da yanayin sutura sun sa hawan keke ya zama na maza, sai dai a goya yarinya ko a kai mata asibiti.

Fita karkara don shan iska ba baƙon abu ba ne a Kano. Sarakuna na da gidajen hutu a Fanisau da Ɗorayi da Nassarawa, kuma hawan da ake yi zuwa waɗannan wurare bayan salla ragowar wannan al'ada ce. Abin da keke ya yi shi ne ya buɗe wa talaka da ɗan makaranta da ƙaramin ma'aikaci irin wannan fita. Sai dai da wuya Bakano ya ce ya fita yawo kawai. Kullum akwai dalilin da ake faɗa, ko duba gona, ko gai da 'yan uwa, ko ziyarar malami, ko ɗaurin aure, ko neman ragon suna mai sauƙi, ko da kuwa kowa ya san yawon ne ya fi dalilin nauyi. Ma'aikata da yawa na da gona a ƙauyen iyayensu, ranar Lahadi kuwa ba aiki, don haka ita ce ranar fita.

Daga Nassarawa hanyoyin a buɗe suke. Mai son gabas zai bi ta Giginyu da Hotoro ya miƙi hanyar Wudil ta Mariri, ko ya karkata arewa maso gabas ta hanyar Haɗeja zuwa Jogana da Gezawa. Mai son kudu zai bi ta Tarauni ya faɗa hanyar Zariya har Tamburawa, kusa da inda kogin Kano da na Challawa ke haɗuwa, ko ya ratse zuwa Dawakin Kudu. A shekarun 1950 da 1960 waɗannan sunaye na farko-farko, Giginyu da Hotoro da Tarauni, ƙauyuka ne masu gonaki, mahayi kan bar inuwar darbejiyar titunan Nassarawa ya shiga cikin dawa kafin gumi ya keto masa. Lokacin da ya fi daɗi shi ne kaka, daga Oktoba zuwa farkon Disamba. Ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe amma ba ta tashi da ƙura ba, an yanke gero an jera dammuna, dawa ta sunkuya, ana cirar gyaɗa ana roron wake. Da hunturu sanyin asuba da hazo kan hana sammako, da bazara kuma zafi kan kai digiri 40, sai dai a fita da sassafe a nemi inuwa kafin azahar. Damina ta fi kyan gani, amma a watan Agusta, lokacin marka, taɓo kan cushe tsakanin taya da murfinta har ƙafa ta ƙi juyawa.

Tafiyar na da ladubbanta. Ba a wuce masu aiki a gona ba tare da an ce sannunku da aiki ba, kuma in an zo wurin da dattawa ke zaune, ko ƙofar gidan dagaci, sai a sauka a tura keken har a wuce. Mahayi ba ya ɗaukar guzuri mai yawa, domin akwai 'yan mata masu tallar fura da nono a gindin tsamiya, da dafaffiyar gyaɗa da rogo da ƙuli-ƙuli da rake a bakin hanya, ruwa kuma duk gidan da aka yi sallama za a ba da shi. Azahar da la'asar a masallacin ƙauyen da rana ta kai mutum ake yin su, a jingine kekuna a jikin danga ba tare da kulle ba. Da yamma a dawo da tsaraba a kariya, damin rake ko ƙwaryar ƙwan zabi ko 'yar kaza da aka ɗaure wa ƙafa.

Shekarun 1970 su ne ƙololuwar keke, kuma a cikinsu ya fara sauka. An daɗe ana harhaɗa kekuna a Zariya, sannan Raleigh ya kafa masana'anta a unguwar masana'antu ta Bompai, maƙwabciyar Nassarawa. Gwamnatin Audu Bako, wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ta gina madatsun ruwa irin su Bagauda da Tiga, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura da Bunkure, hanyoyin gefen magudanan ruwa suka cika da masu keke ɗauke da tumatir da albasa. A watan Afrilu na 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, masu keke ma dole suka sake hannu. Amma fari na 1972 zuwa 1974, da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, sun karya amfanin gonar da ke saya wa manomi keke. A gefe guda kuma kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji sun sa ma'aikata suka koma Honda da Suzuki da Vespa, manya suka sayi Peugeot da Volkswagen. Keke ya tashi daga abin taƙama ya zama alamar wanda bai samu ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, masana'antun Bompai da Sharaɗa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, Phoenix na Sin da Hero da Avon na Indiya suka maye gurbin na Ingila, daga baya kuma kekunan gwanjo daga Turai da Japan suka cika kasuwa.

Gonakin ma ba su tsaya inda suke ba. Ƙidayar 1952 ta ba Kano da kewayenta mutum kimanin 130,000. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na cikin gari, wato Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso, sun haura miliyan 2.8. Tsarin raya birni da mai tsara birane Trevallion ya zana don shekarun 1963 zuwa 1983 ya yi hasashen faɗaɗa, amma gari ya zarce zanen. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sanya filayen birni a hannun gwamna, aka riƙa yanka gonaki ana mai da su fulotai, wasu kuma magada suka sayar da kansu. Hotoro ta samu ma'ajiyar man fetur da manyan gidaje, Giginyu da Badawa da Kawaji suka zama unguwanni, titin da ya kewaye gari ta gabas ya ratsa inda a da ake noman dawa. A cikin Nassarawa kanta an rarraba manyan filayen gidajen Turawa, an sare itatuwa da dama, an yi otal-otal da makarantu da asibitoci.

Duk da haka keke bai ɓace ba. Hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin Kano a watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, ya mayar da wasu kansa, ko da yake A Daidaita Sahu ne ya kwashe yawancin fasinjojin. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya fi tasiri, domin ma'aikata da ɗalibai da yawa sun jingine babur sun nemo keke, masu gyara kuma suka sake samun ciniki. An kuma samu sabon nau'in mahaya, masu hawa don motsa jiki, da hular kwano da keke mai giya, waɗanda kan zaga titunan Nassarawa da sassafe a ƙarshen mako saboda faɗinsu da ragowar inuwarsu. Wanda ke son kaiwa gona daga can a yau sai ya yi tafiyar kusan awa guda a cikin manyan motoci da hayaƙi, ya wuce Mariri ko Gunduwawa ko Tamburawa, kafin ya samu hanyar ƙasa da zai ratse. Shi ya sa wasu kan ɗora kekunan a mota su sauke a bakin gari. Daga nan zuwa cikin Warawa da Gezawa da Dawakin Kudu hanyoyin ƙafa da burtalai suna nan, kuma manoma da 'yan makaranta da masu kai kayan miya kasuwa suna bin su a kan baƙin keke mai ƙafa inci 28, wanda yanzu yawancinsa ƙirar Sin ne ko Indiya.